Ƙari wajen haihuwa: inda almakashi ke da hujja, da abin da ke sa ɗinki ya warware

A gidaje da yawa an riga an yanke hukunci cewa duk mai cikin fari da ta je asibiti haihuwa sai an yi mata ƙari, wato a yanka naman bakin farji ta ƙasa don faɗaɗa wa jariri hanya. Iyaye mata suna faɗa wa 'ya'yansu haka, ƙawaye suna tsorata juna da shi, kuma abin takaici akwai ɗakunan haihuwar da har yau haka ake yi: da an duba kati an ga haihuwar fari ce, sai a matso da almakashi kusa. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna haihuwa 39 cikin 100 kawai ake yi a asibiti, a arewa maso yamma kuwa wajen 16 ce cikin 100. Nisa da rashin kuɗi da jiran izinin maigida duk suna ciki, amma duk wanda ya saurari hirar mata a layin awo ya san “kada a yanka ni” ma yana hana wasu zuwa. Ƙari aikin tiyata ne. Ƙarami ne, gaskiya, amma tiyata ce, kuma ba a yi wa mutum tiyata sai da dalili.

Tsakanin bakin farji da dubura akwai nama mai tsawon santimita 3 zuwa 4. Fata ce a sama, ƙarƙashinta tsokokin da ke tallafe da ƙasan ƙugu, can ƙarshe kuma zoben tsoka biyu da suka kewaye dubura. Na waje shi ne wanda mutum ke matsewa da gangan idan bayan gida ya matsa masa. Na ciki yana aiki da kansa, shi ke riƙe iska da zawo ko da mutum yana barci. Duk cecekucen da ake yi a kan ƙari, a kan waɗannan zobba biyu ne. Idan mace ta ƙaru, wato naman ya tsage da kansa, ana auna abin da mataki huɗu. Mataki na 1 fata ce kaɗai ta tsage, sau da yawa ko ɗinki ba ta buƙata. Na 2 ya shiga tsoka amma bai taɓa zoben dubura ba. Na 3 ya kama zoben, ko dai ƙasa da rabin na waje, ko fiye da rabi, ko ya ratsa har na ciki. Na 4 ya tsaga har fatar cikin dubura. Abin lura shi ne ƙarin da ake yi da almakashi yana yanka fata da tsoka, ma'ana tun daga farko daidai yake da ƙaruwa ta mataki na 2. Macen da aka yi wa ƙari ba gaira ba dalili an ba ta raunin da wataƙila da an bar ta ba za ta samu ko rabinsa ba.

Al'adar ta samo asali ne daga Turai da Amurka. Wani likita a Dublin, Fielding Ould, ya yi bayanin yankan a 1742, amma a matsayin abin da ake yi idan an rasa yadda za a yi. Joseph DeLee na Chicago ne a 1920 ya yi ta kiran a riƙa yi wa masu haihuwar fari gaba ɗaya, da hujjar cewa yanka miƙaƙƙe ya fi tsagewa sauƙin ɗinki, yana kare zoben dubura, yana hana mahaifa zazzagowa a tsufa, yana kare kan jariri. Maganar ta shiga littattafai ba tare da an gwada ta ba. Zuwa 1979 mata kusan 61 cikin 100 da suka haihu da kansu a Amurka an yi musu ƙari, kuma daga waɗannan littattafai makarantun koyon ungozoma na ƙasashenmu suka ɗauka.

Da aka zo aka gwada, hujjojin ba su tsaya ba. A Ingila a 1984 an raba mata 1,000 gida biyu, rukuni ɗaya aka yi wa 51 cikin 100 ƙari, ɗayan 10 cikin 100 kawai, kuma ba a ga wata fa'ida ga waɗanda aka fi yankawa ba. A Ajantina a 1993 an maimaita da mata 2,606, inda aka kwatanta 83 cikin 100 da 30 cikin 100. Waɗanda aka rage wa yanka sun fi ƙarancin ciwo, kuma ɗinkinsu bai cika warwarewa ba. A 2017 ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 12 da suka ƙunshi mata 6,177, ta samu cewa idan sai da dalili ake yin ƙari, mummunar ƙaruwa tana iya raguwa da kusan kashi 30 cikin 100. Shi ya sa a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce ba ta yarda a riƙa yin ƙari barkatai ga macen da ke haihuwa da kanta ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa sayen yadi a Kantin Kwari: mai shago ba ya iya yaga yadi da hannu sai ya ɗan tsaga bakinsa da almakashi, daga nan ja ɗaya ya isa. Naman da aka tsaga wa baki, idan kan jariri ya turo da ƙarfi, bin layin yake yi ya zarce, kuma idan layin ya kalli dubura can zai nufa.

Wannan bai zama an haramta ƙari ba. Akwai lokacin da rashin yin sa ne ganganci. Babban dalili shi ne jariri ya galabaita alhali kai ya riga ya sauko bakin hanya: bugun zuciyarsa, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 110 da 160 a minti, ya faɗi ƙasa ya ƙi dawowa, kuma naman nan ne kaɗai ya rage tsakaninsa da fitowa. A nan minti biyar da za a rage yana iya zama bambanci tsakanin yaron da ya fito da kuka da wanda za a yi ta faman farfaɗo da shi. Dalili na biyu shi ne idan za a jawo jariri da ƙarfe mai kama kansa ko da na'urar zuƙo, musamman ga mai haihuwar fari. Wani gwaji da aka yi a Suwidin aka buga a 2024 ya nuna cewa cikin masu haihuwar fari da aka jawo wa jariri da na'urar zuƙo, 6 cikin 100 ne zoben duburarsu ya tsage idan an yi ƙari, 13 cikin 100 idan ba a yi ba, ko da yake waɗanda aka yanka sun fi samun ruɓewar ɗinki da warwarewarsa. Akwai kuma jaririn da ya zo ta ƙafa ko ta ɗuwawu, da macen da tsohon tabo ya sa namanta ya ƙi miƙewa. Matan da aka yi wa kaciyar nan mai ɗinke gaba, wadda ta yawaita a Sudan, nasu daban ne: tabon ake buɗewa ta sama, kuma ba a sake ɗinke shi ya toshe bayan haihuwa.

Cikin fari shi kaɗai ba dalili ba ne. Zaton cewa yaron babba ne ba dalili ba ne. Bakwaini ma ba dalili ba ne, gajiyar ma'aikaci da cunkoson ɗaki balle. Ko kafaɗar jariri da ke maƙalewa bayan kai ya fito, ƙashi ne ya tokari ƙashi, yankan nama ba ya sakin ta. Abin da ke sakin ta shi ne a naɗe cinyoyin uwa sosai zuwa ƙirjinta, wani ya danna saman ƙashin mara, kuma ba a ƙari sai idan hannun ma'aikaci na buƙatar wurin shiga ya juya jaririn.

Idan dalili ya tabbata, abu na farko magana ce. Jimla biyu sun isa: “Hajiya, bugun zuciyar yaron ya yi ƙasa, ina so in ɗan ƙara ki ya fito da wuri, zan yi miki allurar kashe zafi.” A jira ta amsa. Na biyu allurar ce, kuma a nan ake yawan zaluntar mata. Maganar da wasu ke yi cewa idan kai ya miƙe naman mace ba ta jin yanka, ba gaskiya ba ce, ɗinkin da zai biyo baya kuwa babu wanda zai ce ba a jin sa. Ana amfani da lidoken mai ƙarfin 0.5%, kimanin mililita 10. Idan mai ƙarfin 2% ne a hannu, kashi ɗaya nasa da kashi uku na ruwan allura ke ba da 0.5%, kuma jimillar abin da za a ba mace kada ya wuce mililita 40. Ana sa yatsu biyu tsakanin kan jariri da naman, a soka allura a bi layin da za a yanka, ƙarƙashin fata da cikin tsoka. Kafin a tura maganin a ja sirinji baya a tabbatar jini bai shigo ba, domin lidoken a cikin jijiyar jini yana jawo jijjiga, yana iya tsayar da zuciya. Sai a jira minti biyu a mintsini wurin. In ta ji, a ƙara jira.

Lokacin yanka shi ne sa'ad da ciwo ya taso, naman ya yi siriri, ana ganin santimita 3 zuwa 4 na kan jariri. Wanda ya yi gaggawa ya yanka tun kai yana sama, nama mai kauri ya yanka, kuma jini zai yi ta zuba har kan ya sauko ya danne wurin. Ga macen da dama ta zo da ƙarancin jini, wannan asara ce babba.

Sai kusurwa, wadda ita ce ta fi komai yanke hukuncin yadda mace za ta rayu bayan nan. A ɗauki bakin farji kamar fuskar agogo, dubura tana ƙarfe 6. Yanka ya fara daga tsakiyar bakin ta ƙasa, ya nufi ƙarfe 8, wato digiri 60 daga layin tsakiya, wajen hannun daman mace, tsawon santimita 3 zuwa 4, a ciza almakashi sau ɗaya. Me ya sa 60, ba 45 ba? Saboda a lokacin naman a miƙe yake. Da jariri ya fita sai ya koma ya tsuke, yankan da aka yi a digiri 60 ya dawo kusan 45, wanda aka yi a 45 kuwa ya dawo kusan 30 ko ƙasa, dab da zoben dubura. Yawancin ƙarin da ke zarcewa zuwa mataki na 3, idan aka duba tabonsa daga baya, sai a tarar ya kwanta kusa da tsakiya. Yanka kai tsaye zuwa ƙarfe 6, wanda Amurkawa suka daɗe suna yi, ya fi sauƙin ɗinki kuma bai cika jini ba, amma shi ya fi kowanne zarcewa cikin dubura. Almakashi mara kaifi kuma tauna nama yake yi, ya bar baki mai zigazigi da ba ya haɗuwa da kyau. Bayan an yanka aiki bai ƙare ba, hannu ɗaya ya tallafi naman, ɗayan ya riƙe kan jariri ya fito a hankali.

Bayan mabiyiya ta faɗo an tabbatar mahaifa ta ƙanƙance, kafin a taɓa zare sai an duba. Fitila mai haske, ba hasken waya ba in da hali. A buɗe a ga inda yankan ya ƙare ta ciki. Sannan, da izininta, a sa yatsa cikin dubura, babban yatsa a waje, a murza a ji kaurin zoben, a ce ta matse. Wannan dubawar ta daƙiƙa talatin ita ake yawan tsallakewa, kuma tsallake ta ne ke sa a ɗinke fata ta yi kyau a ido alhali zoben a tsage yake a ƙasa. Bayan wata biyu mace ta fara sakin iska ba da saninta ba, ko ta ga bayan gida a wando, ta yi shiru saboda kunya, wata ta daina zuwa biki da makarantar Islamiyya, wata har aurenta ya girgiza. Ƙaruwa ta mataki na 3 da na 4 ba aikin gadon haihuwa ba ne. Ɗakin tiyata ake kai ta, a yi allurar baya, likitan da ya iya ya ɗinka kowane zobe daban, a ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta da mai tausasa bayan gida na kusan kwana 10, ta dawo a duba ta tsakanin mako 6 da 12. Idan an gano an gyara tun ranar, mata 60 zuwa 80 cikin 100 ba sa jin wata matsala bayan shekara. Ƙaramin asibitin da ba shi da mai iyawa, tura ta gaba shi ne daidai.

Ɗinkin ƙari na yau da kullum hawa uku ne. A ƙara allurar kashe zafi idan ta farko ta saki. A fara santimita 1 sama da ƙarshen yankan ta cikin farji, domin jijiyar jinin da aka yanka takan janye ta ɓuya sama da inda ido ke gani. A ɗinko bangon farji zuwa baki, a haɗa tsoka ba tare da barin rami a ƙasa ba, sannan a bi ƙarƙashin fata a rufe. Ɗinki mai tafiya da zare ɗaya, ba a yankewa ana ƙullawa, ya fi rage ciwo a kwana 10 na farko, domin kowane ƙulli a kan fata wurin ja ne idan nama ya kumbura. Zare mai lamba 2-0 ake so, irin mai narkewa. Vicryl Rapide yana sakin ƙarfinsa cikin mako biyu ya narke cikin kwana 42. Katgot, wanda ya fi arha kuma shi ya fi yawa a asibitocinmu, yana aiki, amma ya fi sa ciwo kuma ɗinkinsa ya fi saurin buɗewa, don haka idan iyali suna da halin sayen ɗayan, kuɗin bai tafi a banza ba. Kada a ja zare ya matse, nama zai kumbura cikin awa 24. A ƙarshe a sake sa yatsa a dubura a tabbatar zare bai ratsa ta ba, in ya ratsa a warware a sake, don shi ke zama hanyar yoyon bayan gida. A ƙirga audugar da aka yi aiki da ita. Audugar da aka manta a cikin farji tana fitowa bayan mako da wari da zazzaɓi.

Wani abu kuma da bai kamata a yi shiru a kansa ba: ƙara ɗinki ɗaya ko biyu a bakin farji wai don a matse wa maigida. Matsi daga tsokar ciki yake, ba daga fatar baki ba. Abin da wannan ɗinkin ke haifarwa kawai shi ne zafi da tsagewa duk lokacin saduwa, wani lokaci sai an sake tiyata an buɗe.

A gida kuma, a kwana biyu zuwa uku na farko sanyi ne ke rage kumburi. A naɗe ƙanƙara cikin tsumma mai tsabta a ɗora minti 10 zuwa 20, kada ta taɓa fata kai tsaye. Farasitamol gram 1 duk awa 6, kada ya wuce gram 4 a yini. Ibufurofen miligram 400 sau uku bayan cin abinci, ga wadda ba ta da gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko hawan jinin ciki mai tsanani. Duka biyun ba sa cutar da jaririn da ke shan nono. Lokacin fitsari a riƙa zuba ruwa mai ɗumi da buta a kan wurin, yana kashe raɗaɗin. Tsarki daga gaba zuwa baya, a tsane da tsumma mai tsabta ba tare da gogawa ba. A canza audugar mata duk awa 4 ko da ba ta cika ba, mai amfani da ƙunzugu kuma ta wanke da sabulu ta shanya a rana. Ɗinkin ƙari mara matsala ba ya buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wadda aka jawo wa jariri da ƙarfe ko na'urar zuƙo ita ce ake yi wa allurarsa sau ɗaya, tun da wani babban gwaji a Birtaniya a 2019 ya nuna hakan ya rage kamuwa da cuta daga 19 zuwa 11 cikin 100.

Bayan gida na farko shi ne abin da maijego ta fi tsoro, har wata ta ƙi cin abinci. Riƙewar ce ke busar da shi ya zo da wuya. Ruwa lita 2 zuwa 3 a yini, miyar kuka ko kuɓewa, zogale, gwanda, lemo, kuma idan kwana biyu sun wuce babu labari a sha laktulos, maganin tausasa bayan gida, mililita 10 zuwa 15. Ta tallafi ɗinkin da auduga mai tsabta yayin da take yi, kada ta yi dogon tsuguno ko yunƙuri.

Iyayenmu mata masu kula da jego suna da gaskiya cewa ruwa yana taimakon ɗinki, inda ake samun matsala shi ne zafinsa da abin da ake zubawa ciki. Ruwan da gwiwar hannu ba za ta iya jurewa ba ƙona sabon nama yake yi, ya ƙara kumburi, zaren ya yanke fatar da ya riƙe. Ruwa mai ɗumi, baho mai tsabta wanda ita kaɗai ke amfani da shi, minti 10 zuwa 15, sau biyu a yini, ya wadatar. Gishiri kaɗan ba ya cutarwa, amma ba shi ke warkarwa ba. Dettol kuwa yana ƙona wurin ya kashe naman da ke tohowa. Bagaruwa da alif suna tsuke fata su busar da ita, mace ta ji kamar ta haɗe, alhali raunin ciki bai warke ba, garinsu kuma yana maƙalewa cikin ɗinki. Turaren tsuguno, miski, maganin matsi, duk abin da ake cusawa, a jinkirta su. A wankan jego ma, ganyen da ake tsomawa a tafasasshen ruwa ana fyaɗa wa jiki kada ya kusanci wurin.

Ciwon ɗinki raguwa yake yi kullum. Idan ya juya yana ƙaruwa, akwai magana. A awannin farko, ciwo mai tsanani da jin kamar bayan gida ya matsa, da ƙulli mai tauri a gefe ɗaya, alamar jini ne ke taruwa ƙarƙashin ɗinki. Yana iya kai rabin lita ba a ga ɗigo a waje ba, sai dai a ga mace tana jiri, zuciyarta na gudu. Wannan komawa asibiti ne a daren, a buɗe a kwashe a ɗaure jijiyar. Daga kwana na 3 zuwa na 7 kuma ruɓewa ake tsoro: zazzaɓi ya kai 38, wurin ya yi ja ya kumbura, mugunya ko ruwa mai wari, sannan ɗinki ya buɗe. Ƙarancin jini, ciwon sukari da jinin da ya taru a ramin da aka bari duk suna jawo shi. Idan ya buɗe, ba a mayar da zare a kan nama mai ruɓa. Sai an cire tsohon zaren, an wanke kullum, an ba da magani. Ƙarami yakan cike da kansa daga ƙasa cikin 'yan makonni, babba kuma a sake ɗinkewa bayan ya yi ja ya tsabtata. Kuskuren da ake yi shi ne a zauna gida ana ƙara zafin ruwa ana jiran arba'in, har bakin raunin ya warke a buɗe.

Fata takan haɗe cikin mako 2 zuwa 3, tsoka kuma sai wajen mako 6. Maigida ya sani cewa ɗaukewar jinin biƙi ba ita ce warkewar ɗinki ba. Shayarwa kuma tana rage sinadarin da ke sa gaba ya jiƙe, don haka bushewa a watannin farko ba cuta ba ce, man shafawa na kemis mai ruwa-ruwa yana magance ta. Zafin saduwa da ya wuce wata uku, ko ɗan jan nama da ya tsiro a kan tabo yana jini, abubuwa ne da ake gyarawa cikin sauƙi idan an faɗa. Motsa tsokar ƙasan ƙugu ana iya farawa tun kwanakin farko: ta matse kamar mai riƙe iska, ta ƙirga biyar zuwa goma, ta saki, sau 10, sau uku a yini.

Kada a ɗauka ƙari da yankan gishiri abu ɗaya ne. Yankan gishiri reza ce ungozoma ko wanzami ke sawa cikin farji, galibi ta bangon sama, idan naƙuda ta yi tsawo. Mafitsara da hanyar fitsari a bayan wannan bangon suke, tazarar ba ta kai kaurin yatsa ba. Naƙudar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa kuma yawanci kai ne ya tsaya a ƙashin ƙugu can sama, inda babu yankan naman da zai buɗe shi, sai tiyata. Binciken da aka buga daga Zariya a 1983 a kan mata 1,443 masu yoyon fitsari ya danganta 13 cikin 100 da wannan yanka, kuma cibiyoyin gyaran yoyo irin na Babbar Ruga a Katsina sun san shi sarai.

Mafi yawan abin da ke kare mace daga yanka da ƙaruwa ba ya cin kuɗi. Daga mako na 35 mai cikin fari tana iya tausa wurin: hannu a wanke, farce a yanke, man zaitun ko na kwakwa, babban yatsa ya shiga santimita 3 zuwa 5, a danna ƙasa wajen dubura da gefe-gefe har a ji ɗan ja, a riƙe minti ɗaya zuwa biyu, duka minti 5 zuwa 10, sau biyu ko uku a mako. An gwada, yana rage yiwuwar a yi wa mai haihuwar fari ƙari. Ba a yi idan akwai ciwon sanyi mai ƙaiƙayi, ko zubar jini, ko faya ta fashe. A ɗakin haihuwa, tsumma mai tsabta da aka tsoma a ruwan ɗumi aka ɗora a wurin lokacin nishi yana rage ƙaruwa ta mataki na 3 da na 4. Kwanciya ta gefe ko durƙuso irin na iyayenmu ya fi kwanciya rigingine da ƙafafu a rataye rage yanka. Idan kai ya tsaya a baki, ungozoma ta ce a daina nishi a yi haki, to a daina, wannan minti ɗaya ko biyu ne naman ke samu ya miƙe. Danna ciki daga sama don a turo jariri, da allurar naƙuda da ake yi ba lissafi, su ne ke harbo kai da ƙarfi su yaga komai, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda da danna cikin ba.

Tun a wajen awo mace tana da damar tambaya ko a asibitin kowace mai cikin fari ake yi wa ƙari, ta kuma ce a rubuta a katinta cewa ba ta so sai da dalili, kuma da allurar kashe zafi. Kafin sallama ta tambayi abin da aka yi mata, ƙari ne ko ƙaruwa, mataki na nawa, an duba dubura ko ba a duba ba, a rubuta mata. Wannan rubutu zai yi amfani a ciki na gaba. Wadda aka yi wa ƙari sau ɗaya ba lallai a sake yi mata ba, tabon yakan miƙe, ko da yake wurin ya fi saurin ɗan tsagewa. Wadda ta taɓa samun mataki na 3 ko na 4, yiwuwar ya maimaita kusan 5 zuwa 7 ne cikin 100, kuma idan har yanzu iska ko bayan gida na kuɓuce mata, ta faɗa wa likita tun farkon awo, a zauna a duba ko haihuwa ta tiyata ce ta fi dacewa da ita.